Kunnuwan bayan sitiyari: yadda suke sauya giya a mota mai otomatik, da iyakar ikonsu

Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka da Turai da Japan suna zuwa da wasu 'yan kunnuwa guda biyu a bayan sitiyari, daidai inda yatsun direba suke sauka, na dama ɗauke da alamar ƙari, na hagu da alamar ragi. Ana ganin su a Toyota Camry samfurin SE, da Honda Accord samfurin Sport, da yawancin motocin Mercedes da BMW da Lexus na baya-bayan nan. Dillalai sukan ambace su lokacin ciniki domin su nuna cewa motar ta fi takwarorinta, amma ba kasafai ake yi wa mai saye bayanin aikinsu ba. Shi ya sa wani yake ɗauka na ƙara sautin rediyo ne, wani ya yi shekaru yana tuƙi bai taɓa su ba don gudun kada ya ɓata giya, wani kuma hannunsa ya goge su bisa kuskure yana tsaka da tafiya, injin ya ɗauki kuka, wata lamba ta bayyana a allon da ke gabansa, ya nufi gareji cikin fargaba alhali babu abin da ya lalace.

Kunnuwan na sauya giya ne. Na dama yana hawa giya ɗaya, na hagu yana sauke ɗaya. Ruɗanin yana tasowa ne daga tambayar da ta biyo baya: idan motar tana sauya wa kanta giya, mene ne amfanin bai wa direba wannan dama, kuma shin hakan yana mayar da ita kamar mota mai giyar hannu?

Abin da giya take yi

Injin fetur ba ya bayar da ƙarfinsa daidai a kowane hali. Idan juyinsa ya yi ƙasa sosai sai ya rasa kuzari, idan ya yi sama fiye da kima sai ya lalace. A yawancin ƙananan motoci, injin da ke aiki a tsaye yana juyawa ƙasa da sau 1,000 a minti ɗaya, jan layin da ke kan agogon juyi kuma yana farawa ne wajen 6,000 zuwa 6,500. Taya kuwa dole ta tashi daga tsayuwa cak har ta kai gudun babbar hanya. Akwatin giya shi ne ke daidaita tsakanin waɗannan biyu. Ƙaramar giya tana sa injin ya yi juyi da yawa kafin taya ta yi ɗaya, sai a sami ƙarfin tashi da hawan tudu. Babbar giya tana barin taya ta yi gudu injin yana juyawa a hankali, sai a sami sauƙin mai da raguwar ƙara.

A mota mai giyar hannu direba ne ke zaɓa, ya taka kuloci ya raba injin da akwatin giya, ya tura sanda, ya saki. A mota mai otomatik, wadda kamfanin General Motors ya fara yaɗa irinta a motocin Oldsmobile na 1940, akwatin ne ke zaɓa. Na farko-farko sun dogara ne da matsin mai kawai, na yanzu kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da su, kuma samuwar wannan kwamfuta ce ta sa kunnuwan suka yiwu.

Tsakanin yatsa da giya

Babu wani ƙarfe ko igiya da ta haɗa kunnen da akwatin giya. Kunnen makunnin lantarki ne kawai. Idan direba ya ja shi, saƙo ne ke tafiya ta waya zuwa kwamfutar da ke kula da giya, wadda take magana da kwamfutar injin a kowane lokaci. Kafin ta aiwatar da komai sai ta duba gudun motar, da juyin injin, da yadda aka taka totur, da giyar da ake ciki, da zafin man giya, sannan ta lissafa inda juyin injin zai tsaya idan aka shiga giyar da aka nema. Idan lissafin ya fita lafiya sai ta buɗe wasu ƙananan bawul masu aiki da lantarki, su kuma su tura man giya da matsi zuwa faifan kuloci da ke cikin akwatin, wani ya saki, wani ya kama. Duk wannan yana ƙarewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Idan lissafin bai fita ba, kwamfutar tana ƙin amincewa. Wasu motocin su yi 'yar ƙara sau biyu, wasu lambar giyar ta yi ƙyaftawa a allo, wasu kuma su yi shiru kamar ba a taɓa komai ba. Matsayin direba a nan kamar na fasinja ne a motar haya da ya ce a sauke shi: an ji maganarsa, kuma galibi za a yi masa yadda yake so, amma mai riƙe da sitiyari ba zai tsaya a tsakiyar gada ba don kawai an nema.

Misali da lambobi zai fi bayyana abin, ko da yake lambobin suna bambanta daga mota zuwa mota. A ɗauki mota mai giya shida tana gudun kilomita 120 a sa'a a giya ta shida, injin yana juyawa kusan sau 2,300 a minti. Idan direba ya ja kunnen hagu sau biyu ya sauka giya ta huɗu, juyin zai tashi zuwa wajen 3,800. Idan ya ƙara ja ya shiga ta uku, zai kai wajen 5,400, injin yana kuka amma bai ƙetare iyaka ba. Idan ya sake ja yana neman ta biyu, juyin zai haura 7,000, wato cikin jan layi, kuma a nan kwamfutar za ta ƙi. A mota mai giyar hannu babu mai hana direba wannan kuskure. Idan ya tura sanda ta faɗa giya ta biyu a irin wannan gudu ya saki kuloci, tayoyi ne za su tilasta wa injin juyin da ya fi ƙarfinsa, kuma bawul ɗin injin suna iya lanƙwashewa nan take. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin tsarin biyu, kuma shi ne dalilin da ya sa tsoron cewa taɓa kunnuwan zai fasa injin ba shi da tushe.

Kariyar tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Idan direba ya riƙe giya ta biyar ya manta har ya iso shingen bincike ko danja, motar za ta sauke giyar da kanta yayin da gudu ke raguwa, don haka injin ba zai mutu ba. Idan ya nemi giya ta shida yana tafiya a hankali cikin gari, ba za a ba shi ba. Game da isa jan layi kuwa kamfanoni sun sha bamban: yawancin motocin iyali suna hawa giya da kansu idan juyi ya kai iyaka, wasu motocin gudu kuma suna riƙe giyar, su datse mai, su jira direba ya ja kunnen dama. Motoci da dama suna ƙara wani abu lokacin sauke giya, inda kwamfutar ke ɗan ɗaga juyin injin na ƙiftawar ido domin ya dace da sabuwar giyar kada motar ta yi fizga. Gajeren gurnanin da ake ji ke nan idan an ja kunnen hagu.

Daga filin tsere zuwa motar gida

Asalin tsarin daga gasar tseren motoci ta Formula 1 yake. A 1989 kamfanin Ferrari na Italiya ya fito da motar tsere samfurin 640, wadda injiniya ɗan Ingila John Barnard ya tsara, mai sauya giya da kunnuwa a bayan sitiyari. Ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a rabu da sandar giya da ƙarafan da ke haɗa ta da akwatin, domin a tsuke jikin motar ta fi tsaga iska. Direban tsere Nigel Mansell ya ci tseren farko na wannan shekara da ita a Brazil, duk da cewa motar ta sha lalacewa a sauran tseren kakar. Amfanin ya fito fili: hannuwan direba biyu ba sa barin sitiyari a kwana, sauyin giya ya fi sauri, kuma kuskuren faɗawa giyar da ba ita ba ya ragu ƙwarai. Kafin shekarun 1990 su ƙare duk ƙungiyoyin gasar sun koma wannan tsari.

A motocin titi, kamfanin Porsche ya riga ya fito da Tiptronic a farkon shekarun 1990, wato otomatik da ke barin direba ya hau ko ya sauke giya da sanda, daga baya aka ƙara maɓallai a kan sitiyari. Ferrari ta kawo kunnuwan kan titi a 1997 da motar F355 F1. A 2003 Volkswagen ya saka akwatin DSG mai kuloci biyu a motar Golf R32. Daga nan abin ya gangaro zuwa motocin talakawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: tunda kwamfuta ta riga ta karɓe ragamar giya, ƙara makunni biyu da 'yar waya ba ya cin kuɗi mai yawa a wajen ƙera mota, amma yana ƙara mata kwarjini a idon mai saye.

Kunnuwa iri ɗaya, akwatuna daban-daban

Motoci biyu suna iya ɗauke da kunnuwa masu kama da juna amma abin da ke faruwa a ƙarƙashinsu ya bambanta, kuma yawancin gardamar da ake yi a kan ingancin tsarin daga nan take tasowa, domin kowa yana magana ne a kan motar da ya tuƙa.

Wanda ya fi yawa shi ne otomatik na gargajiya, inda a maimakon kuloci na ƙafa ake da wani rufaffen gida na ƙarfe cike da mai, mai fukafukai a ciki, wanda ke miƙa ƙarfin injin ga akwatin giya ta hanyar juya man. Irinsa ne a Camry mai giya shida da yawancin motocin Lexus da Mercedes. Tsofaffin akwatunan wannan iri suna da nawa, direba ya ja kunne ya ɗan jira kafin ya ji sauyi. Na zamani, kamar akwati mai giya takwas na kamfanin ZF na Jamus da BMW da wasu kamfanoni da dama suke amfani da shi, sun yi saurin da wannan jinkiri ya kusa ɓacewa.

Akwati mai kuloci biyu shi ne ya fi dacewa da kunnuwan. Kuloci ɗaya yana kula da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan yana kula da ta biyu da ta huɗu da ta shida. Yayin da mota ke tafiya a ta uku, akwatin ya riga ya shirya ta huɗu yana jira, don haka sauyin bai wuce wannan ya saki wancan ya kama ba. Sai dai shirin hasashe ne. Idan kwamfutar ta shirya giyar sama saboda direba yana taka totur, shi kuma ya nemi ta ƙasa, dole ta warware ta sake shiri, sai a ji ɗan jinkiri. Irin waɗanda kulocinsu ba ya cikin mai kuma suna ɗaukar zafi a cunkoson da ake ta ja da tsayawa.

Sai kuma CVT, wanda ke cikin Corolla da Accord da motocin Nissan da yawa na shekarun baya-bayan nan. Wannan ba shi da giya ɗaya, biyu, uku kwata-kwata. Bel ne na ƙarfe yake gudana tsakanin gargare biyu masu buɗewa da tsukewa, don haka yana sauya rabon juyi a hankali ba tare da mataki ba. Lambobin da direba yake gani idan ya ja kunne, galibi har zuwa bakwai, wurare ne da aka tsara wa kwamfutar ta tsaya a kai domin ta kwaikwayi giya. Masu suka suna cewa wannan wasan kwaikwayo ne. Ta fuskar ƙarin gudu suna da gaskiya, domin CVT ya fi bayar da ƙarfi idan aka bar shi ya riƙe injin a juyin da ya fi dacewa. Amma ta fuskar riƙe mota a gangara, matakin da aka kwaikwaya yana aiki kamar na gaske.

Akwai kuma akwatin giyar hannu mai kuloci ɗaya da aka ɗora wa na'ura tana taka kulocin a madadin direba. Shi ne irin na Ferrari na farko, kuma har yanzu ana samun sa a wasu ƙananan motoci masu arha. An san shi da ɗan dukan baya a lokacin sauyi.

D da S da M

Inda sandar giya take yana sauya ma'anar jan kunnen. Idan tana kan D, wato wurin tuƙin otomatik na yau da kullum, aka ja, yawancin motoci suna bai wa direba iko na ɗan lokaci ne, bayan wasu daƙiƙoƙi na tafiya daidai sai su koma sauya wa kansu. Idan aka tura sandar zuwa M, wato wurin da direba ke zaɓen giya da kansa, ko zuwa S a wasu motocin, sannan aka ja kunnen, motar za ta riƙe giyar har sai direba ya nemi wata. Wanda ya sami kansa a wannan hali bisa kuskure yana iya mayar da sandar kan D, kuma a motoci da yawa riƙe kunnen dama na daƙiƙa biyu zuwa uku yana mayar da komai otomatik.

Masu Toyota da Lexus suna buƙatar ƙarin bayani a nan. A yawancin waɗannan motoci masu alamar S, lambar da ke fitowa a allo ba giyar da motar take ciki ba ce, iyakar da aka sa mata ce. Idan allo ya nuna S4, ma'anarsa motar za ta ci gaba da sauya wa kanta tsakanin giya ta ɗaya zuwa ta huɗu amma ba za ta hau ta biyar ba. Shi ya sa mutum zai tura sanda zuwa S yana tsaye ya ga lamba huɗu, ya ɗauka motar za ta tashi da giya ta huɗu, alhali da ta ɗaya za ta tashi. Wanda bai san haka ba yana iya yin doguwar tafiya a S4 yana mamakin yadda mai yake zuƙewa.

Wurin da aka kafa kunnuwan ma ya bambanta. A yawancin motoci suna manne da sitiyari suna juyawa tare da shi, a wasu kamar Ferrari an kafa su a wuyan sitiyarin ba sa motsi. Na farko ya fi daɗi idan kwanar ba ta da tsanani, na biyu ya fi sauƙin samu idan an murɗa sitiyari da yawa har dama ta koma hagu.

Inda suke da amfani na gaske

Kwamfutar giya tana sanin abin da ke faruwa da motar a yanzu, amma a yawancin motocin da ke hannun jama'a ba ta ganin hanya. Direba yana ganin gangara tun kafin ya isa, yana ganin tirelar da zai wuce, yana ganin laka a gabansa. Duk amfanin kunnuwan a tuƙin yau da kullum yana cikin wannan rata ne.

Mafi muhimmanci shi ne gangara mai tsawo, irin ta Hawan Kibo a kan hanyar Jos ko saukowa daga tsaunin Mambila. Mota mai otomatik da aka bari a D tana son hawa babbar giya idan an ɗage ƙafa daga totur, sai nauyinta ya riƙa jan ta, direba kuma ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudu zafi. Idan zafin ya taru fiye da yadda iska ke kwashewa, takalman birki su rage kamu, man birki kuma yana iya tafasa, musamman wanda ya daɗe ba a canza ba ya sha danshi, sai direba ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa babu tsayuwa. Idan aka sauke giya tun daga saman gangarar, tayoyi ne za su riƙa juya injin, shi kuma yana turjiya saboda an rufe masa hanyar shan iska, sai ya riƙe motar, birki ya huta har zuwa lokacin da ake buƙatarsa. Kukan da injin yake yi a wannan hali, matuƙar allurar agogon juyi ba ta kusanci jan layi ba, ba alamar wahala ba ce. Wasu motocin zamani suna gane gangara su sauke giya da kansu idan an taka birki, amma suna yin hakan ne bayan motar ta riga ta ɗauki gudu.

Wannan ya shafi wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin direbobi, ta saka mota a firi idan ana gangarowa da nufin tsimin mai. A injin zamani lissafin bai goyi bayanta ba. Idan mota tana cikin giya aka ɗage ƙafa daga totur, kwamfutar tana datse mai gaba ɗaya matuƙar juyin yana sama, tunda tayoyi ne ke juya injin. A firi kuwa dole injin ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu, ga shi kuma an bar birki shi kaɗai da nauyin motar.

Amfani na biyu shi ne wuce babbar mota a hanya mai hannu ɗaya. Kowace otomatik tana sauke giya idan aka take totur har ƙasa, amma sai an taka take fara tunani, kuma wannan jinkirin yana faɗowa ne a daidai lokacin da motar ta riga ta fita hannun masu tahowa. Da kunnen hagu direba yana iya sauke giya ɗaya ko biyu yana nan a bayan tirelar, ya jira hanya ta buɗe, ya taka ƙarfin ya zo nan take. Haka kuma a hawan tudu da kaya, inda wasu akwatuna ke ta hawa da sauka tsakanin giya biyu suna tara zafi, riƙe ɗaya ya fi lafiya. A laka lokacin damina, motocin da suke yarda a tashi da giya ta biyu suna rage zamewar taya.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Sauke giya ba ya kunna fitilar birki, don haka wanda ke biye ba shi da wata alama cewa motar gaba tana rage gudu, sai an ɗan taɓa birkin. Sannan sauke giya da yawa a lokaci ɗaya a kan hanya mai santsi yana iya sa tayoyin da ke jan motar su zame. A tsayuwar gaggawa birki ne abin takawa.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu son giyar hannu suna ganin kunnuwan ba su kai ba, domin babu kuloci, babu haɗa ƙafa da hannu, kuma kwamfuta ce mai magana ta ƙarshe. Ba a iya musa wannan, kuma wanda ya koyi tuƙi da kunnuwa bai koyi tuƙa mota mai giyar hannu ba. Masu goyon baya suna amsawa da cewa hannu biyu a kan sitiyari ya fi aminci, kuma babu ɗan Adam da zai sauya giya da saurin akwati mai kuloci biyu, shi ya sa masu tseren da rayuwarsu ta dogara da sauri suka rungumi tsarin. Wannan ma gaskiya ne, ko da yake saurin da ake aunawa da ɗan ɓangaren daƙiƙa ba ya sauya komai ga mai kai yara makaranta.

Ra'ayi na uku na makanikai ne, waɗanda da yawansu ke gargaɗin cewa canza takalmin birki ya fi gyaran akwatin giya sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, don haka a bar giya ta huta. Hujjar tana da ƙarfi idan ana maganar mai sauke giya a kowace danja da kowane tudun rage gudu, domin kowane sauyi yana ɗan cin faifan kuloci, kuma riƙe juyi a sama yana ƙara zafi. Ba ta da ƙarfi a kan doguwar gangara, inda littattafan da kamfanoni ke haɗowa da mota su da kansu suke umartar direba ya sauke giya, kuma inda abin da ake karewa ya wuce kuɗin gyara.

Mai, gyara da ciniki

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, tambayar farko da mai mota yake yi a kan kowane abu ita ce ko zai rage shan mai. Kunnuwan ba sa ragewa a mafi yawan lokuta. An riga an tsara D ta hau babbar giya da wuri domin tsimi, kuma direban da ke zaɓa da kansa yakan daɗe a ƙaramar giya fiye da yadda kwamfutar za ta yi. A cikin gari da kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, D ce ta fi arha.

Idan kunnuwan suka daina aiki, ba lallai ne a ce akwatin giya ne ya lalace ba. Waɗanda ke manne da sitiyari galibi suna bi ne ta wata naɗaɗɗiyar waya mai faɗi da ke cikinsa, wadda ita ce kuma ke kai wuta ga oda da maɓallan sitiyari da jakar iska. Idan ta tsinke, sau da yawa za a ga oda ta mutu ko fitilar jakar iska ta kama tare da mutuwar kunnuwan, kuma canza ta ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta da ciro akwatin giya. Idan kuwa motar ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi sauraron kunnuwan baki ɗaya, mai yiwuwa kwamfutar ce ta gano matsala ta kulle akwatin don ta kare shi, kuma abin da ya dace shi ne a jona na'urar bincike a karanta abin da ta rubuta kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya. Lafiyar akwatin ta fi rataya a kan man giya fiye da kan yadda ake taɓa kunnuwa. Kowane iri yana da nasa, Toyota tana da WS ga yawancin otomatik ɗinta, Honda tana da DW-1 ga na gargajiya da HCF-2 ga CVT ɗinta na baya-bayan nan, kuma zuba man otomatik na gargajiya a cikin CVT yana lalata shi.

Mai sayen mota ta hannu yana iya amfani da kunnuwan a matsayin abin gwaji. Bayan injin ya ɗumama, ya hau giyoyin ɗaya bayan ɗaya ya sauko, yana lura ko akwai wadda take bugawa, ko take jinkiri fiye da sauran, ko juyin injin yake tashi motar ba ta bi ba. Ya kuma sani cewa akwai kunnuwan ado na ƙarfe da ake sayarwa ana manna su a kan na asali don su ƙara tsawo. Ba sa ƙara komai a aikin giya, kuma motar da ba ta zo da tsarin daga kamfani ba, manna mata su ba zai sa ta fara sauyawa ba.

Motocin lantarki

Yawancin motocin lantarki ba su da giyar sauyawa, amma da yawansu suna da kunnuwan, kuma aikinsu daban ne. A motocin Hyundai da Kia masu lantarki, da Mitsubishi Outlander mai haɗa fetur da caji, kunnuwan suna ƙara ko rage ƙarfin da motar ke riƙe kanta da shi idan an ɗage ƙafa, inda injin lantarkin ke komawa janareta yana mayar da wuta cikin batir. Jan kunnen hagu a Hyundai yana ƙara wannan riƙo, na dama yana sassauta shi. A nan kunnuwan suna iya ƙara nisan da caji ɗaya zai kai a tuƙin cikin gari, saɓanin motar fetur. Sai dai idan batir ya cika babu inda wutar za ta shiga, don haka riƙon yana raguwa, kuma wanda ya cika caji a saman tudu ya kama gangara zai ga motar ta dogara da birki fiye da yadda ya saba.